Tsakar Gida Ba Ta Ba Da Tuwo, Sai Dai Miya

Filin Tambayi Malamin Gona

Wasiƙun wannan wata kamar an haɗa baki. Kowa kukan tsada yake, kowa kuma na tambayar abin da zai shuka a gida kafin al'amura su ƙara dagulewa. Na tsamo biyar daga ciki. Wanda bai ga tasa ba ya duba da kyau, wataƙila amsarsa na cikin ta wani.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni ma'aikaci ne a nan Garwa, mu tara ne a gida har da mahaifiyata. Tun da aka ƙara kuɗin mai albashina ba ya kai mu ashirin ga wata. Ga shi kullum sai an turo mini saƙo ta WhatsApp wai tattalin arziki zai rushe, za a karya darajar sefa, kuɗi su koma takardar banza. Ina da fili a bayan ɗakuna, taku goma sha biyu a tsaye, goma a kwance. Na ƙudura in fasa shi duka in zuba masara da dawa, ko an shiga wani hali mu sami abin kaiwa baki. Me ka gani?
Wani magidanci, unguwar Yalwa, Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Masu turo maka saƙon nan ba su fi ka sanin gaibu ba, wasunsu ma 'yan kallo kawai suke nema. Amma ba zan kira tsoronka shirme ba, domin ni da kake gani na taɓa kwanciya da kuɗi a aljihu, na tashi na tarar sun koma rabi.

A 1993 ina malamin gona, ina zagaya ƙauyukan da ke tsakanin Garwa da Pitowa, a arewacin Kamaru, a kan babur. A shekarar aka zaftare albashin ma'aikata har sau biyu, a Janairu da kuma Nuwamba, na biyun ya fi ciwo. Ba mu gama farfaɗowa ba, a Janairun 1994 aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma 100. Duk abin da ke shigowa daga waje ya yi tsalle, magani, takin zamani, madarar gwangwani, har tayar babur. Na jingine babur na hau keke. To abin da nake so ka riƙe a labarin nan shi ne, ko rana ɗaya babbar kasuwar Garwa ba ta tashi ba. Dawa na nan jibge, kifin Lagdo na nan, nama na rataye. Aljihu ne ya bushe. A ƙasarmu haka abin yake zuwa, ba a watsewa a bar gari, sai dai ka tsaya gaban kaya kana kallo kana haɗiyar yawu. Maƙwabtanmu na Yola da Mubi sun ɗanɗana irinsa tun 2023, da aka cire tallafin mai naira kuma ta zube, hayaƙin ya iso mu ta kan 'yan zuwa-zuwa, masu sayar da man Najeriya a bakin titi. A namu gidajen man, lita ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, bayan shekara guda ta kai 840. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta, ka san sauran.

Abu biyu suka rufa mana asiri a wancan lokaci. Na farko buhunan dawa da na saya da kaka, tun kafin abu ya lalace. Na biyu wasu itatuwan zogale huɗu da uwargidana ta kafa a jikin danga, da yakuwa da kuɓewar da take yi a inda ruwan wanka ke gangarawa. Ni da takardar makarantar aikin gona ina yi mata dariya, ina cewa noman 'yar tsana. Muka shafe wata takwas ba a sayi ganyen miya a gidana ba. Ban ƙara yin dariyar ba.

Yanzu ɗauko biro mu yi lissafin filinka. Mu ƙaddara murabba'in mita 100 ne, wato kashi ɗaya cikin ɗari na hekta. Hektar dawa a gonar talaka, in damina ta yi kyau, takan ba da kamar buhu goma na kilo 100. Rabon filinka a ciki kilo 10 ke nan. A ce ka zuba taki, ka yi ta lallashi, ka ninka sau uku: kilo 30. Gidan mutum tara kuwa yana cin abin da ya haura kilo 4 na hatsi kullum. Ka ga ka yi damina guda kana fama da ciyawa da tsuntsaye don tuwon mako ɗaya. Abincin gidanka na shekara ya kai buhu goma sha biyar ko fiye, wanda ke bukatar aƙalla kar shida, tun da kar guda rubu'in hekta ne. Saboda haka batun hatsi ka fitar da shi daga tsakar gida. Ko ka karɓi hayar kar ɗaya ko biyu a bayan gari, ko ka matse ka sayi buhu biyu uku da kaka, ka ƙara a Fabrairu in masakwa, wato dawar rani, ta shigo kasuwa. Wanda ya jira Yuli da Agusta kafin ya nemi dawa, shi ke biya wa 'yan kasuwa kuɗin Hajji.

Tsakar gida ta miya ce. Ka tambayi mai ɗakinka nawa ke tafiya kullum a kan ganye, kuɓewa, barkono, tumatir da ɗanɗano, ka ninka sau talatin. Wannan kuɗin ne fili zai iya mayar maka, kuma shi za ka juya ka sayi hatsi.

Fara da zogale, tun kafin ka gama karanta mujallar nan in da hali. Jere shi a jikin katanga, tsakanin kowane da ɗan'uwansa taku biyu. Ko ka binne iri zurfin gaɓar yatsa, ya tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu, ko ka roƙi reshe mai kaurin sandar tsoho, tsawon mita guda, ka kafa. Na iri ya fi zurfafa saiwa, shi ya fi jure bazararmu. Kuskuren da kowa ke yi shi ne barinsa ya miƙe kamar turken lantarki, ganye can sama sai tsuntsu. Da ya kai ƙugunka ka datse kansa, ya yi rassa, ka sake datse rassan. Kada ka sa shi inda ruwa ke kwanciya, saiwarsa ruɓewa take. Ganyen da ya yi yawa a shanya a inuwa, ba a rana ba. Busasshen ganyen zogale, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa sinadarin gina jiki ne, abin da muke nema a nama da wake, don haka ranar da nama ya gagara, yara ba su tashi a tutar babu ba.

Akwai wata dabara da mutane ke mamaki in na faɗa: kuka ma ana shuka ta kamar alayyafo. Ka jiƙa 'ya'yan a ruwan zafi su kwana, ka shuka su kusa da kusa a kwami ɗaya, bayan 'yan watanni ka fara tsinkar ganye. Ba ka barin ta ta zama bishiya, kullum a tsawon gwiwa kake riƙe ta. Ɗanyen ganyen kuka a tsakiyar rani, wanda bai ci ba ba zai gane ba.

Da ruwa ya zauna a Yuni, sai kuɓewa, wadda ke fara ba ka 'ya'ya cikin wata biyu, da yakuwa, da rama, da lalo. Yakuwa dai, wadda a nan muka fi kira folere, ba ta da abin yarwa: ganye a miya, fure a zoɓo, gurguzunta kuma a yi daddawar batso, wadda Fulani ke ce wa mbuja, ta tsaya maka a madadin ɗanɗanon kanti. Kabewa ka sa ta a lungu ka ɗora ta kan rufin kicin, ba ta ci maka fili ba. Tafasa ba ta jiran gayyata, in ta fito ka ƙyale ta. Duk waɗannan, rabin amfaninsu a shanya yake. Busasshiyar kuɓewa a cikin tulu ba ta san an karya darajar sefa ba.

In kana son abin da zai tare ciki, yi kunya huɗu ko biyar na dankali. Yanki na yaɗo tsawon kamu ɗaya ya isa iri, wata uku zuwa huɗu ka tona, ganyen ma ana ci. A ƙaramin fili ya fi dawa cika kwano nesa ba kusa ba. Ka nemi mai jan ciki don yara, yana da sinadarin da ke kare ido. Gwanda kuma ka sa iri uku a rami guda, domin akwai namiji akwai mace, sai sun yi fure za ka gane, ka bar matan da namiji ɗaya. Kafin shekara ta zagayo kana ci. Mangwaro kuwa ban ba ka shawara ba. Yana da daɗi, amma nan da shekara shida inuwarsa za ta kashe duk abin da na lissafa maka.

Kuma kada ka fasa filin duka. Bar wa yara wurin wasa, bar wa mata wurin shanya, in ba haka ba rikicin da za ka girba ya fi kuɓewar yawa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni gidan haya muke a Marwa, tsakar gidan duk siminti ne, kuma ruwa saye muke, bido bido, wato jarka jarka. Maigidana ɗan acaba ne, wata rana a samu wata rana babu. Ina sha'awar shuka amma ina jin abin na masu fili da famfo ne. Akwai abin da irina za ta iya?
Maman 'yan biyu, Domayo, Marwa

AMSA: Barka kadai, 'yata, Allah ya raya 'yan biyu. Siminti ba shi ne matsalarki ba, ruwa ne, kuma gara da kika ambace shi, don masu koyar da noman buhu a waya sukan tsallake wurin.

Bari mu gama da mai sauƙin. Ki tara buhunan shinkafa da aka juye, da tsofaffin bokitai da robobin da suka fashe. Ki haɗa ƙasa kashi biyu, yashi kashi ɗaya, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Yashi kam ba kya rasa shi ba, kogin Mayo Kaliyawo na kwance a tsakiyar garinku, wata da watanni babu komai cikinsa sai shi. Takin ya zama wanda ya kwana biyu har ya yi baƙi ya daina wari, ɗanyen kashin kaji ko na awaki ƙone shuka yake. Ki huda gindin buhun, ki ɗora shi a kan bulo biyu don kada ya ɓata wa mai gida siminti ya sami abin faɗa. Buhu guda zai ɗauki kuɓewa biyu, ko barkono ɗaya, ko tumatir ɗaya. Alayyafo da lalo a faffaɗar roba, yayyafawa kawai, alayyafo mako uku zuwa huɗu kin fara yanka. In kin yanka ki bar gindin, zai sake tohowa. Ranar da aka ce ku tashi, lambunki ya hau amalanke tare da katifa.

To ruwa. A Maris da Afrilu, lokacin da zafin Marwa ke wuce awo 40, kowane murabba'in mita na ganye yana shan lita 6 zuwa 8 a yini. In kika shimfiɗa lambu mai ɗan girma, bido uku ko huɗu za ki riƙa zubawa kullum, kuɗin ruwan ya fi kuɗin ganyen. Ciniki ke nan na asara. Don haka kada ki yi kokawa da bazara. Lokacinki biyu ne: damina, da Allah ke ban ruwa kyauta, da kuma sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da tumatir da salak suka fi jin daɗi. Da zafi ya kankama ki sallami sauran, ki riƙe zogale ɗaya a babban bokiti da barkono biyu, ki ja su inuwar katanga inda rana ke samunsu da safe kawai.

Su kuma ba sai kin saya musu ruwa ba. A gidan da ake salla biyar, ruwan alwala kaɗai in ana tara shi a roba ya ishi buhu uku ko huɗu. Ga ruwan wankin shinkafa, ga na wankin ganye, ga na ɗaurayar ƙarshe ta kwanuka. Wanda ban yarda da shi ba shi ne ruwan wanki mai omo da zabel, ruwan nan na faranta tufafi, yana tara gishiri a buhu har shuka ta ƙone. Ki rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, ki yi ban ruwa da yamma. In kina da ƙaramin tulu na yumɓu wanda ba a shafa masa fenti ba, binne shi har wuya a tsakiyar babbar roba, ki shuka a kewayensa, ki cika shi ki rufe baki. Yana tsatsafowa a hankali daidai bukatar saiwa. Gorar roba da aka huda da allura ma tana yin aikin, ko da yake ba ta kai tulu ba.

Da damina kuma kada ki bar ruwan indararo ya tafi titi. Rufin ɗaki mai murabba'in mita 20, in aka yi ruwa mai kyau na milimita 20, lita 400 ke sauka, ganga biyu cif. Sai dai ki rufe gangar ruf, in ba haka ba kin buɗe wa sauro ɗakin haihuwa.

Wata maƙwabciyarmu a nan, da zogale biyar take dafawa ta kwaɗanta da ƙuli-ƙuli, yara na zuwa saye har cikin gida. Ba ta yi arziki ba, amma ba ta jiran kowa a kan kuɗin sabulu da na makarantar allo.

TAMBAYA: Baba, bara na sayi irin tumatir na leda mai tsada, ya yi kyau sosai. Na ɗebi iri daga ciki na sake shukawa bana, sai ya fito barkatai, wani ƙanana wani ba 'ya'ya. Irin albasar da na ajiye shekara biyu kuma ko ɗaya bai tsiro ba. An cuce ni ne? Kuma in abubuwa suka taɓarɓare aka daina kawo iri, ya za mu yi?
Wani matashi mai kai kaya Injamena, Kusuri

AMSA: Ba a cuce ka ba, ɗana, ledar ce ba ka karanta ba. Duba jikinta, za ka ga an rubuta F1. Wannan aure ne aka haɗa tsakanin iri biyu, 'ya'yan fari su fito da kyau, jikoki kuwa kowa ya kama gabansa, wani ya ɗauko kaka, wani ya ɗauko kakan kaka. Ba mugun abu ba ne, mai noman sayarwa yana cin ribarsa, amma dole ka koma kanti kowace shekara. Wanda ke shirin ranar da kanti zai gagara, irin gargajiya zai nema, wanda ke maimaita kansa. Yana hannun tsofaffin mata da masu lambun bakin kogin Lagon, kuma sau da yawa da gaisuwa kaɗai ake samunsa.

Albasa kuwa haka Allah ya yi ta, irinta ba ya wuce shekara guda da ƙarfinsa, balle a zafin Kusuri. Kuɓewa, yakuwa da kabewa sukan kai shekara biyu uku in an adana su da kyau.

Wurin ɗibar iri ne mutanenmu ke yin sakaci. A cinye masu kyau, a sayar da masu kyau, sai ragowar ƙarshen kaka da ta tsufa a jikin kara a ce ita ce iri. Haka iri ke lalacewa a hannun mutum yana zargin ƙasa. Ka zaɓi uwar da ta fi lafiya, ka ɗaura mata tsumma don kowa ya san ba ta miya ba ce, ka bar 'ya'yanta na fari su bushe a jikinta. Tumatir kuma ka matse nunanne a kofi, ka bar shi kwana biyu ko uku har ya yi kumfa, ka wanke, ka shanya a inuwa. In iri ya bushe ƙayau, gauraya shi da tankaɗaɗɗiyar toka, ka zuba a kwalba ka toshe, ka ajiye a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da kwanon rufi. Kafin shuka ka gwada: ƙwaya goma a jiƙaƙƙen tsumma, bayan mako ka ƙirga. In bakwai sun tsiro ka shuka, in uku ne ka nemi wani tun da sauran lokaci. Kuma ku da kuka ga ambaliyar 2022 da ta 2024, ba sai na ce maka ka rataye kwalbar a sama ba. Raba irin ma gida biyu, rabi wurin ɗan'uwa a wata unguwa.

Tun da ajiya muke magana, bari in ƙara da wake, don shi ƙwari suka fi ci. Buhun nan mai leda biyu a ciki da buhu a waje, da ake kira PICS, asalin dabararsa a Marwa aka gwada ta, a ƙarshen shekarun 1980, tsakanin masu binciken aikin gona na ƙasarmu da jami'ar Purdue ta Amurka. Sirrinsa kawai hana iska shiga, ƙwaron ya shaƙe ya mutu. In ba ka samu ba, busasshen bido mai murfi mai kyau, a cika shi taf da wake a ɗaure, yana yin aikin. Ko ka gauraya wake da toka, mudu da mudu. Ƙwayar nan mai hayaƙi da ake jefawa a buhu kuwa, kada ka kuskura ka sa ta a ɗakin da ake kwana, iskarta na kashe mutum. Dawa da gero kuma sun fi daɗewa a zangarniyarsu, shawarar da Annabi Yusuf, alaihis salam, ya ba mutanen Masar ke nan, kuma har yau rumbun ƙauye a kanta yake tafiya.

TAMBAYA: Malam, magani ya yi tsada. An ce in shuka tazargade da darbejiya, in yaro ya yi zazzaɓi in dafa masa, ba sai na je asibiti ba. Waɗanne itatuwan magani ya kamata kowane gida ya mallaka?
Wata uwa, Gidar

AMSA: Malama, a nan zan ɗan ɗaure fuska, ki yi haƙuri. Ni malamin gona ne, amma na halarci jana'izar yaran da aka tsaya dafa musu ganye kwana uku. Zazzaɓin cizon sauro a jikin ƙaramin yaro ba ya ba da wa'adi. Gaskiya ne daga wani nau'in tazargade ake ciro sinadarin maganin da ake bayarwa a asibiti, amma a can an auna shi, an kuma haɗa shi da wani magani. Shayin da za ki dafa ba ki san yawan abin da ke ciki ba, yana iya kwantar da zazzaɓin ya bar cutar, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da shi. A dokar ƙasar nan maganin zazzaɓin sauro kyauta ne ga yaran da ba su kai shekara biyar ba. Da damina ana bi gida gida a jihar Arewa da Arewa Mai Nisa ana ba yara maganin kariya wata wata, kuma tun Janairun 2024 Kamaru ta fara allurar rigakafin cutar ga jarirai. Ki tambaya a asibitin da ke kusa da ke. Mai ciwon sukari ko hawan jini shi ma kada ya ajiye ƙwayarsa don an ce masa zogale ya wadatar. Mai juna biyu kuma ta ci ganyen zogale, amma ta nisanci saiwarsa da ɓawonsa.

Abin da zan ce ki shuka da zuciya ɗaya: ciyawar shayi da muke kira sitronel, da na'a-na'a, da ɗaɗɗoya, su rage miki sayen ganyen shayi, su taimaka a mura da kumburin ciki. Lemun tsami ɗaya in kina da wuri, sai dai yana son haƙurin shekara uku zuwa huɗu. Lalle a jikin danga, ga shinge ga kwalliya, har ki sayar lokacin biki.

Darbejiya kuwa kada ki ɓata fili, tun zamanin shugaban ƙasa Ahijo da aka yi gangamin dashen itatuwa ta cika mana tituna. Amfaninta gare ki a lambu yake. Ki tsinci 'ya'yan da suka zubo, ki bushe su, ki daka cikin tafi biyu, ki jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, ki tace da tsumma, ki yayyafa wa ganye da yamma sama da ƙasa. Tsutsa da ɗan kwarkwatar ganye ba sa son sa. Ki maimaita duk mako, ki wanke ganyen kafin girki. In kuma akwai bini-da-zugu a shingenki, ki sa ido, 'ya'yansa kamar gyaɗa suke a idon yaro, kuma guba ne.

TAMBAYA: Baba Malam, duk abin da na shuka awakin maƙwabcina sun cinye. Sau uku ke nan. Na yi magana ya ce dabba ba ta da hankali. Zuciyata na raya mini abubuwa.
Wani bawan Allah, Gashiga

AMSA: Ka ce wa zuciyar ta zauna, Alhaji. In ka sa wa akuya guba, kai za a kai gaban jauro, wato mai unguwa, kuma lambun bai dawo ba. Maganar maƙwabcinka gaskiya ce rabi, dabba ba ta da hankali, mai ita ne ya kamata ya yi. Amma kai ma ka yi shuka kafin shinge, alhali shinge ake fara yi. Zana ita kaɗai ba ta tare akuya, cinye ta ma take. Ka jibga ƙayar magarya ko ta aduwa a gindinta ta waje. Ƙananan dashe kuma ka kewaye kowanne da bulo, ko ka lulluɓe shi da gidan sauron da ya yage, ban ce sabon da aka raba don yara ba.

Sannan ka koma wurinsa da wata fuskar. Yana da abin da kake bukata, taki, kana da abin da awakinsa ke so, harawa da rassan zogalen da ka datse. Ka ce ya ɗaure su da damina, kai kuma ka riƙa miƙa musu ganye ta kan katanga, ya bar ka ka share turken.

Ni ma wata jar akuya ta taɓa cinye mini gwanda shida da zogale a dare ɗaya, na kwana biyu ba na amsa gaisuwar mai ita da kyau. Ranar sunan jikarsa ita aka yanka, ya aiko mini da cinya guda. Zogalen ya riga ya sake tohowa, da shi aka yi miyar.